An Yi Mini Aikin Dunduniya: Yadda Ake Jinyar Ƙafa Har Ta Koma Taka Ƙasa

Shekara 22 ina tsaye a gaban allo ina koyar da lissafi, a kan daɓen siminti, da takalmi mai shafaffen ƙasa. Ciwon ya fara mini a dunduniyar dama kamar da wasa. Da asuba in na sauko daga gado zan je alwala, takun farko sai in ji kamar na taka ƙusa. In na ɗan zagaya tsakar gida sai ya lafa. In na zauna a ofis na rabin awa na miƙe, sai ya dawo sabo fil. Duk wanda ya san wannan takun farko na asuba ya san ciwon da nake nufi.

Likitan ƙashi ne ya zana mini abin a takarda. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Tafin ƙafa kamar baka yake, ita kuwa jijiyar ita ce tsirkiya. Duk takun da ka yi, nauyinka yana danne bakan, tsirkiyar tana miƙewa. Idan ja ya yi yawa shekara da shekaru, wurin da ta kama ƙashin dunduniya sai ya fara sassaƙewa, daga nan zogin yake fitowa. A bakin likitoci sunan ciwon filanta fasiyaitis, mu kuwa ciwon dunduniya ko ciwon diddige muke cewa.

Kafin in shiga batun jinya, ga wata magana da ba na so ta wuce ka. Cikin mutum 10 masu wannan ciwo, kusan 9 suna warkewa ba tare da wuƙa ta taɓa su ba, da miƙe jijiya, da canjin takalmi, da rage nauyi, da haƙuri na watanni. Likitan kirki ba ya kawo zancen tiyata sai an yi wata 6 zuwa 12 ana gwada waɗannan ba a dace ba. Ni wata 14 na yi, har da allurar dunduniya sau biyu. Da na nemi ta uku likita ya ce a'a, domin yawan allurar yana iya tsinka jijiyar, yana kuma cinye kitsen da ke tare dunduniya daga ƙasa. Haka kuma ɗan tsiron ƙashin nan da ake gani a hoto, wanda ke tsorata mutane, sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Mutane da dama suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba. Saboda haka in wani ya kalli hotonka kawai ya ce gobe a yanka, ka nemi ganin likitan ƙashi na biyu. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, akwai kuma sassan ƙashi a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Abin da ake yi a aikin shi ne a yanke wani sashe na jijiyar kusa da dunduniya, galibi ƙasa da rabinta, ta ɓangaren ciki, don jan ya sassauta. Wasu likitocin suna tsaga fata kaɗan su yi aikin ido na gani, wasu kuma suna huda ƙananan kafofi su zura na'ura mai kyamara. Wanda aka yi wa da na'ura yakan fara taka ƙasa da wuri. Ni tsagawa aka yi mini a gefen dunduniya ta ciki. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma a ranar aka sallame ni. Jinyar kuwa ta ci wata 6. Lissafin makonnin da zan ba ka nawa ne, in ya saɓa da na likitanka, nasa za ka bi, don shi ya ga cikin ƙafarka.

Gyara gida tun kafin ranar

Na zaɓi dogon hutun makaranta don in samu makonni a gida, abin da ban lissafa ba shi ne hutun yana faɗowa tsakiyar damina, ga ruwa ga taɓo, ga bandeji da ba a so ya jiƙe. In kana da zaɓi, ka duba wannan.

Banɗaki shi ne abu na farko. Masai na tsugunno ba ya yiwuwa ga mai ƙafa ɗaya, kuma tsugunno yana ja wa jijiyar da aka yanka. Idan gidanka babu na zama, ka sayi kujerar bahaya ta marasa lafiya a shagon kayan asibiti, ko kafinta ya huda maka kujerar katako mai ƙarfi a ɗora a kan masan. Ka ajiye wata kujerar roba a wurin wanka. Katifarka in a ƙasa take, a ɗora ta a kan gado, domin tashi daga ƙasa da ƙafa ɗaya wahala ce da haɗari. Mai kwana a bene ya sauko ƙasa na mako biyu. A naɗe tabarmi da ƙananan dardumai da ke kan hanya, a kawar da wayoyin caji, a bar tocila kusa da kai saboda ɗauke wuta da dare.

Sandunan dogarawa ka karɓe su tun kafin aiki, ka koyi tafiya da su kana da ƙafa biyu. Kan sandar ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku a ƙasa da hamata, nauyinka kuma ya sauka a tafin hannu. Wanda ya rataya hamatarsa a kan sanda yana danne jijiyar da ke wucewa ta wurin, sai hannu ya fara mutuwa. A duba robar gindin sandar, in ta cinye a canza, don a kan jiƙaƙƙen tayil santsi take yi. A matakala kuwa, in za ka hau, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, in za ka sauka, sanduna da mai ciwon ne ke fara sauka.

Mai shan sigari ya daina tun makonni kafin aiki, domin taba tana ƙuntata hanyoyin jini, ƙafa kuwa ita ce mafi nisa daga zuciya, rauninta ba ya saurin haɗewa. Mai ciwon suga ya tabbata sugansa ya daidaita, ya kuma faɗa wa likita duk maganin da yake sha, har da na gargajiya.

Mako biyun farko

Za ka dawo gida ƙafa a mace saboda allurar kashe zafi, ka ji kamar ba a yi komai ba. Tana sakinka cikin dare. Ka sha maganin ciwon da aka rubuta maka a kan lokacinsa tun kafin ta sake ka, kada ka jira zogi ya tashe ka. Farasitamol ga babban mutum ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma ka sani magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, kada ka haɗa ba da lissafi ba. Ibufurofen da dikilofenak ba na mai gyambon ciki ba ne ko mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ma sai ya tambaya. Idan an ba ka mai ƙarfi irin su taramol, na 'yan kwanaki ne, yana kuma ɗaure ciki, sai ka yawaita ruwa da ganye da gwanda. In ya ƙare kada ka aika kemis a ƙaro maka.

Babban aikinka a waɗannan kwanaki shi ne ɗaga ƙafa. Mutane suna ɗora ta a kan kujera suna zaune su ce sun ɗaga. Ɗagawar da ake nufi ita ce ka kwanta rigingine, a jera filo biyu ko uku a ƙarƙashin sha-raɓa har ƙafar ta fi ƙirjinka tsawo, dunduniyar kuma tana lilo ba ta danne komai ba. A kwana ukun farko haka za ka wuni, sai fita banɗaki kawai. Za ka gane amfaninta da kanka: da zarar ka sauke ƙafar minti biyar sai ta cika ta fara bugawa kamar ganga.

Ƙanƙara tana rage kumburi, minti 15 zuwa 20, a naɗe cikin tawul, a ɗora a saman idon sawu ko bayan gwiwa inda ba za ta jiƙa bandeji ba. Da yake wuta ba ta zama a unguwarmu, ƙanƙararren fiya wata yara ke sayo mini, mu sa shi cikin leda biyu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai kada ya sa sai da izinin likita.

Kana kwance ka riƙa motsa yatsu, ka lanƙwasa gwiwa ka miƙe, lafiyayyar ƙafar kuma ka yi ta kaɗa ta sama da ƙasa duk bayan awa ɗaya. Wannan yana taimakawa wajen hana jini daskarewa a jijiyoyin sha-raɓa, wanda babban haɗari ne ga wanda aka yi wa aiki ya kwanta.

Bandeji ba ya son ruwa ko kaɗan. Wurin wanka ka zura ƙafar cikin babbar leda, a ɗaure bakinta a ƙasan gwiwa, ka zauna a kujera, ka ɗora ƙafar a kan bokitin da aka kife, ka yi wanka da kofi. In ya jiƙe duk da haka, kada ka shanya shi a jikinka, ka je a canza a ranar. Zaren ɗinki ana cire shi bayan kwana 10 zuwa 14, wani lokaci a ƙara kwanaki saboda fatar dunduniya tana da kauri. Nawa a rana ta 14 aka cire.

Alwala da salla

Wannan ne ya fi damuna kafin aiki, kuma babu wanda ya yi mini bayaninsa a asibiti sai da na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce: "Malam, addini bai ɗora maka abin da zai ɓata maka magani ba. Ka wanke sauran gaɓoɓi, in ka zo kan ƙafar ka shafi bandejin da danshin hannu sau ɗaya." Shafa a kan ɗauri babi ne sananne a fiƙihu. Danshi ake nufi, ka yarfe hannun sosai kafin ka shafa. Salla kuma a zaune na yi ta, a kan kujera, ina sunkuyawa don ruku'u, ina ƙara sunkuyawa don sujada. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari a bayyane yake: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance a kan gefe.

Ga dalilin da ya sa bai kamata ka yi gaggawar komawa sujada a ƙasa ba. Ka kama babban yatsan ƙafarka ka lanƙwasa shi sama, ka shafa tafin ƙafar da ɗaya hannun, za ka ji jijiyar ta ɗaure tamau kamar igiyar guga. Haka yatsu suke lanƙwashewa a sujada, haka kuma ƙafar dama take kafewa a zaman tahiya, ga nauyin jiki a kai. Wato daidai wurin da aka yanka kake ja, sau da dama a kowace salla. Ni sai a mako na 8 na koma sujada a ƙasa, da izinin mai gashi, wato ma'aikaciyar asibiti mai koyar da motsa gaɓoɓi, kuma na fara ne ina kwantar da bayan ƙafar maimakon kafe yatsu. Masallaci ma na haƙura da shi makonni, musamman Juma'a, saboda cunkoso da tattake ƙafa a bakin ƙofa.

'Yan dubiya da magungunansu

Za a zo duba ka, Allah ya saka musu da alheri, kuma kusan kowa da maganinsa a baki. Kawuna da ya ga ƙafar a kumbure ya ce: "Ɗana, wannan ai gashi take so. A dafa ruwa a gasa ta, a shafa man zafi, in ya so a kira mai ɗori ya ja ta." Na ce: "Kawu, likita ya hana a taɓa sai an cire zare, in ya ba da dama zan aiko a faɗa maka." Ban musa masa ba, ban kuma bari an taɓa ba. Ruwan zafi a kan sabon rauni yana ƙara kumburi, yana jiƙa ɗinki. Ja da murɗa na masu ɗori ba su da wurin zama a nan, tunda babu ƙashin da ya karye ko ya goce. Toka, man shanu, garin magani, ƙaho, tsaga, babu wanda zai kusanci ƙafar. Ka kuma sa wani a gida ya zama mai tsaron ƙofa, don zaman gaisawa da baƙi ƙafa a ƙasa na awa biyu yana rushe ɗagawar wuni guda. Ni uwargida ce ta riƙe wannan, tana cewa: "Ku shigo ku same shi a kwance, likita ya hana shi zama."

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi, ko ja yana bazuwa daga raunin, ko mugunya da wari, ko zogin da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa. Yatsu su yi sanyi ko su canza launi ko su mutu, wanda sau da yawa ɗauri ne ya matse. Sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi tana ciwo in an taɓa, to kada a matsa ta, kada a yi tausa, a tafi asibiti. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya soke, ko tsakar dare ne a fita da kai nan take.

Lokacin da ciwo ya tafi amma ƙafa ba ta warke ba

Bayan cire zare aka sa ni cikin babban takalmin asibiti mai maɗaurai, aka ce in fara taka ƙasa kaɗan-kaɗan da sanduna, ina ƙara nauyi duk bayan 'yan kwanaki. Wasu likitocin simintin ɗaure ƙafa irin na karaya suke sawa. Takalmin yana da tudu, saboda haka ka sa mai kaurin ƙasa a ɗaya ƙafar don tsawonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ƙugu da baya za su fara ciwo.

A mako na 4 na tashi da asuba na taka, babu ƙusar nan. Shekara guda da watanni ban ji haka ba. A cikin makon aka yi rasuwa a maƙwabtanmu, dattijon da ya riƙe ni kamar ɗa. Na ji nauyin a gan ni da ƙaton takalmi da sanduna a cikin jama'a, na cire, na zura silifas, na bi gawa har maƙabarta da ƙafa, na tsaya har aka rufe. Da dare ƙafar ta kumbura, wani sabon ciwo kuma ya fito a gefenta na waje, ta layin ƙaramin yatsa, wurin da bai taɓa yi mini ciwo ba.

Likita bai yi mini faɗa ba, ya sake ɗauko takarda. Ya ce jijiyar da aka yanka tana cike giɓin ne da sabon nama, a hankali, don ta haɗe da ɗan ƙarin tsawo. Kafin wannan nama ya yi ƙwari, tsirkiyar a sake take, bakan ƙafa yana ɗan sauka, nauyi sai ya koma kan ƙananan gaɓoɓin gefen waje. Ciwon gefen waje yana cikin matsalolin da aka fi sani bayan wannan aiki, kuma a wasu mutanen yakan daɗe. Tafiyar yini ɗaya ta mayar da ni cikin takalmin asibiti na ƙarin mako 3. Da na je gaisuwa gida a mota da sandunana, na zauna minti goma na yi addu'a, da babu wanda zai zarge ni. Wannan tsakanin, daga mako na 3 zuwa na 6, shi ne inda na ga ya fi kamata mutum ya tsare kansa, domin zafin da ke hana ka ganganci ya tafi, naman kuma ɗanye ne.

Gashi da motsa ƙafa

Kada ka ɗauki zuwa sashen gashi a matsayin ƙari. Makonnin kwanciya suna ƙanƙantar da naman sha-raɓa, agara kuma tana ƙagewa, ita kuwa ƙagaggiyar agara tana cikin abin da ke jawo ciwon tun farko. Mai gashin da ta kula da ni ta fara da abu mai sauƙi: in zauna ƙafa a miƙe, in rataya tawul a tafin ƙafa, in jawo shi a hankali har in ji sha-raɓa ta miƙe, in riƙe daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma. Sai zana haruffa a iska da babban yatsa don idon sawu ya saki. Daga baya aka ƙara tattaro tawul da yatsu a ƙasa, da tsintar 'ya'yan dabino da yatsu ana sawa a kwano. Ɗaga dunduniya a tsaye, ina riƙe da bango, sai da aka kai mako na 8, da ƙafa biyu tukuna, ƙafa ɗaya kuma can gaba.

Ma'aunin da ta ba ni shi ne wanda na riƙe har yau. Ta ce: "Baba, in ka yi motsa jiki ka ji ɗan ciwo, ya lafa kafin gobe da safe, ka ci gaba. In ka wayi gari ya fi jiya, ka yi yawa, ka koma adadin shekaranjiya."

Tabon ma yana son kulawa. Bayan raunin ya rufe ruf, ɓawon ya faɗi da kansa, ka riƙa murza wurin da yatsa da man kaɗanya, minti 5 sau biyu a rana, don kada fatar ta manne da naman ƙasa. Ɗan mutuwar fata ko jin kamar tafiyar kiyashi a gefen tabon yakan faru saboda ƙananan jijiyoyin ji da ke wurin, yawanci yana raguwa cikin watanni. In yana ƙuna kamar wuta ko yana harbawa zuwa yatsu, ka faɗa wa likita.

Takalmi, mota da komawa aiki

Ranar da aka cire ni daga takalmin asibiti, kambas mai taushin ciki da tudun da ke tallafe tsakiyar ƙafa na koma. Gwajinsa a kasuwa ba wuya: ka kama shi ka lanƙwasa, in ya naɗe biyu a tsakiya kamar tabarma ka ajiye, wanda ke lanƙwasa a wajen yatsu kawai shi ake so. Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta fi cika. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne cikin gida, don mun saba cire takalmi a bakin ƙofa mu taka siminti ko tayil da tafin ƙafa. Na ware takalmi guda mai tsafta na cikin ɗaki kawai, na ajiye shi a gindin gado, ƙafata ba ta taɓa ƙasa da asuba sai a cikinsa.

Tuƙi da ƙafar dama ba ya yiwuwa muddin kana cikin takalmin asibiti, kuma ko bayan an cire sai ka iya danna birki da ƙarfi farat ɗaya ba tare da jin zafi ba. Ka gwada a mota tana tsaye. Babur ya fi haɗari, don ƙafa ce ke tare shi a duk tsayawa. Na yi makonni ina shiga Keke Napep, ina zama ta gefen da zan sauka da lafiyayyar ƙafa.

Mai aikin zama yana iya komawa bayan mako 2 zuwa 4 in zai samu inda zai ɗora ƙafa. Mai aikin tsaye, malami ko ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar jinya, ya sa ran mako 6 zuwa 12. Na koma aji a mako na 10, na roƙi shugaban makaranta a sa mini doguwar kujera a gefen allo, ina tsayawa minti 10 in zauna, ɗalibi yana rubuta misali ina bayani. Kumburin yamma ya bi ni har wata na 5, in na dawo gida sai in kwanta in ɗaga ƙafar rabin awa kafin magariba. A wata na 6 na taka daga gida zuwa masallacin Juma'a na dawo ban tuna da dunduniya ba. Tawul ɗin miƙe sha-raɓa har yanzu yana rataye a kan gadona, ina ja sau 3 a kowace ƙafa kafin in sauko, har da ta hagun da ba a yi wa aiki ba, domin ita ta ɗauki nauyina duk tsawon jinyar kuma ta fara ɗan yi mini magana da asuba.